Abin da Pens ɗin Kawu Ya Faɗa wa Firigonmu

Firigon Inna ya girme ni. Ina jin ya girmi kwaltar da ta ratsa Dogon Dutsi ma. An ce da can fari ne, amma ni na tashi na same shi da launin haƙorin mai cin goro. Saboda shi muka baro ƙauyenmu na bayan Kieche da Baba ya rasu, don can babu kuran, wato wutar lantarki. Shi ke ci da mu: ƙanƙara, zobo, ruwan tsamiya a leda. Inna kan ce mini, tana ƙulla leda da haƙori, "Randa firigon ga ya tsaya, ƙauye muka nufa. Ke da kolej sai a mafarki."

A bazarar bara ya fara ciwo. Sai ya yi gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodi, ya yi ƙas, ya yi shiru, can kuma ya sake. Ƙanƙara ta daina kamawa. In na kai kula tasha bayan an tashi lakwal, makarantarmu ta boko, 'yan kabu-kabu su taɓa leda su ce, "Yarinya, yau ruwan wankan jego kika kawo mana?"

Kaka, wadda danginta 'yan wajen Lugu ne, garin masu bori, ta ce ba sai an yi bincike ba, aljana doguwa ce ta shige ciki tana shanye kuran. Wa zai ga laifinta, in ji ta, da zafin nan?

Kawu, ƙanen Inna, ya ji maganar, gemunsa ya tashi. Shi kwan fitila da wayoyi yake saidawa a kasuwa, kuma ba ya son jin zancen iskoki. Ya ce yau zai nuna mana ilimi. Ya dawo da wani abu rawaya, sabo fil cikin kwali, mai baki irin hannun kunama. Pens sunansa. Ka buɗe bakin ka rataya a waya, ya rubuta maka yawan wutar da ke wucewa, ba yanka ba komai.

Muka taru har da 'ya'yan maƙwabta. Kawu ya yi bisimilla, ya cafke igiyar firigon gaba ɗayanta. Sifili. Ya saki, ya sake cafkewa. Sifili.

"Kun gani? Motar, wato injin firigon, lafiya lau take. Kuran ne ba ya isowa da ƙarfi. Ku bar shi a jone, zai tashi da kansa."

Na ce, "Kawu, in ba ya shan wuta, da mi yake gurnani?"

"Da bakinki. Tashi ki ba ni wuri."

Kaka ta ce ai ita ta faɗa, doguwa ta shanye tas. Karo na farko ke nan da na ga ita da Kawu sun kusa shiryawa.

Muka bar shi a jone. Ya yi ta gurnani da ƙas, har gefensa ya yi zafin da na rantse wa ƙawayena an soya ƙwai a kai. Daga baya ɗakin ya soma warin ƙonanniyar roba. Nan ne Inna ta aika aka kira mai gyaran firigo, wani tsoho mai tari.

Ya ari pens ɗin Kawu. Kafin ya rataya, sai ya sa reza ya fere baƙar rigar igiyar, siraran wayoyi suka fito, ya cafke ɗaya kaɗai. Lamba ta yi tsalle sama, firigo ya yi ƙas.

Kawu ya ce, "To ni ya na ga sifili?"

"Duka ka haɗa, Malam. Wutar da ta shiga ta wannan, ta can take fita. In ka kama su tare, sai su shafe juna." Ya yi tari. "Kowa yana yin haka da farko."

Ya ce da an cire firigon daga wuta tun lokacin, wani ɗan abu ne kawai za a canja, bai kai kwalin ashana ba. Yanzu motar ta ƙone ƙurmus.

Na jira Inna ta yi faɗa, don in ta fara har awakin maƙwabta na gudu. Sai kawai ta tambayi kuɗin sabuwar mota, ya faɗa, ta gyaɗa kai, ta shiga kwance ledojin zobo tana zuba wa yara a kofi.

Damina na faɗuwa aka ɗaure firigon a saman motar ƙauye. Kawu ya zo tasha, ya ƙi kallon kowa, ya cusa mini pens ɗin a hannu. Ya ce ba mai sayen kayan da aka buɗe wa kwali.

Yanzu gero Inna ke zubawa a firigon, ɓera ba ya shiga. Littattafaina na can ƙarƙashin gado. Pens ɗin kuwa na rataya shi a igiyar guga, a ƙafar akuya, a yatsan Kaka tana barcin rana. Duk sifili yake ba ni. Batirinsa ma ya fara rauni.