Mutumin da Ke Jiran Dodon Koɗi Kafin Ya Yi Shuka

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Isiyaku na Kahu, Allah ya jiƙansa. Malamin allo ne, manomi, bai bar dukiyar da za a yi labari ba. Gona guda ya bari, da wani dutse a tsakiyarta, tsaye shi kaɗai kamar tsibiri. A gindin dutsen akwai 'yar sarƙaƙiya da bai taɓa yarda a sa mata fartanya ko wuta ba, saboda dodon koɗin da ke ciki.

Ba manyan nan ba ne da ake ci a kudu. Ƙanana ne, bawonsu fari da zane ƙasa-ƙasa, kuma ni dai duk yawona tsakanin Rano da Kibiya ban taɓa ganin irinsu a wani wuri ba. Da rani sukan shige tsagar dutse su liƙe bakinsu. Ruwan farko ba ya ruɗarsu. Sai ƙasa ta sha ta ƙoshi suke fitowa, kuma sai ranar Baba yake ɗaukar sungumi. Maƙwabta sun yi shuka har ta tsiro, shi yana zaure yana rubutu. Su leƙo su ce, “Malam, limamin naka bai tada iƙama ba?” Ya yi murmushi kawai. Amma duk shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, wurinsa masu tsokanar suke zuwa roƙon iri.

Ni ne babba a maza, ni ne kuma na yi ɓarnar, gara in faɗa da bakina. Shekara biyu bayan rasuwarsa na sayo abin feshi. Yayarmu Habi ta ce, “Sani, kada ka kai shi gindin dutsen Baba.” Na ce, “Haba Yaya, sunansa fa maganin ciyawa. Ina ruwansa da dodon koɗi?” Na fesa, sarƙaƙiya ta bushe, da rani na cinna mata wuta. Kunya huɗu na ƙara a gonar, na kuma ɗauko wa kaina wadda ba a shuka a kanta. Ashe inuwar nan da danshinta su ne rayuwarsu. Da damina ta kewayo na je dubawa, bawo na tarar birjik, babu komai a ciki. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Da Baba zai leƙo yau, ban san da wane ido zan dube shi ba. Zai ga gonaki fes, ba ciyawa, ba kukan kwaɗi, kowa na shuka da hasashen rediyo, ruwa na yi mana gatse. Ba mai yawan faɗa ba ne. Na san abin da zai ce shi ne duk halitta tana tasbihi, wanda ya shafe guda ya rage masu ambaton Allah a garinsu. 

Akwai tsaga guda a bayan dutsen da wuta ba ta kai ba. Shekarar bara waccan na ga biyu a nan. Bara ban ga ko ɗaya ba, sai dai na ce wa raina ban zo a kan lokaci ba ne. To yanzu masu fasa dutse sun zo neman wurin, ƙannena duk sun yarda, hannuna kaɗai ake jira. Na ƙi. Ƙaraminmu ya dube ni a gaban jama'a ya ce, “Yaya, kai da ka kashe su, yanzu kai ne mai gadinsu?” Gaskiya ya faɗa, kuma tun ranar gaisuwa ma da ƙyar muke yi.

Idan na auna abin da ya rage na Baba, ba shi da yawa. Ɗalibansa sun watsu, zauren ya rushe, ilimin damina ya bi shi kabari. Saura tsagar nan, wadda ban ma tabbata da rai a cikinta ba. Na roƙi 'yan'uwana su ba ni damina ɗaya tak, sun ba ni. Idan ta wuce ban ga kome ba zan sa hannu, kuma ranar ce zan san na binne mahaifina karo na biyu, wannan karon ni kaɗai.