Humrar da na zuba a man jariri

Wayyo 'yan uwa, yau na yi ɓarna, wata ta sha faɗan!

Man kaɗanyar nan da nake koyon haɗawa na ɗiga wa humra don ƙamshi. Na je unguwar Zaitawa wajen Yaya Binta, gobe sunan jaririnta. Ana gama masa wanka na shafe shi da man a ɓoye. Kafin azahar wuyansa ya yi jajur, ƙuraje rututu, sai tsala kuka yake!

Uwar mijinta ta ce, "Binta, sabulun kantin nan naki ne! Ban hana ki ba?"

Yaya ta shinshina wuyansa, ta ɗago ta kalle ni. Sai ta ce, "Yi haƙuri Hajiya, na daina."

Haka ta rufa min asiri har na taho. Wa irin wannan ta taɓa samu? In koma in faɗa wa Hajiya gaskiya?