Zakiya Mai Turare da Tankin Karafan

Duk wanda ya zauna a unguwar Nuzla a shekarun da ake shimfiɗa sababbin titunan Jidda ya san Zakiya mai turare, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba, domin ƙamshin gidanta yakan tari mutum tun daga bakin lungu. A Jidda aka haife ta. Mahaifinta mutumin Haɗeja ne, ya zo aikin hajji a ƙafa, ya sami aikin dako a tashar jiragen ruwa, bai koma ba. Mahaifiyarta kuwa Bahaushiyar Sudan ce, kuma a wurinta Zakiya ta gaji haɗa turaren wuta da humra, haɗe da wata irin tsabta mai gajiyar da duk wanda ya zauna da ita. Ba a yin aure a unguwar sai an zo gidanta. Takan jiƙa itacen sandal da miski, ta toya shi da sukari da ƙaro, ta rufe a kwalba har ya nuna. Kaskonta ba ya mutuwa, saboda haka toka ba ta yanke mata.

Mijinta Hamad direba ne, mutum mai haƙuri, amma yana da ciwo guda: ba ya iya wuce kasuwar gwanjo bai sayi wani abu ba. Wajen shekarar 1974 ya jawo wa gidan abin da ya fi duk na baya girma, wato karafan, wani ɗaki mai ƙafafun mota wanda wani injiniya Bature ya kwana a ciki lokacin aikin hanya. Akwai gado a ciki, da kabad, da ɗan makewayi wanda bai fi faɗin darduma ba. Aka tura shi filin gida, rana ta cinye tayoyinsa, ya zauna ke nan.

Da lokacin hajji ya zo, gidan ya cika da baƙi daga Haɗeja kamar kowace shekara, sai Hamad ya sauke dattawa a karafan. Babu wanda ya tsaya ya tambayi inda abin da ke shiga makewayin yake zuwa. A sanin Zakiya, masai rami ne, ƙasa ce ke shanyewa. Da ta fara jin ɗan tashi, sai ta yi abin da uwarta ta koya mata, wanda kowace mace mai tsabta take yi wa masai: kowace safiya ta juye tokar kaskonta a ciki, da guntun gawayi, da daskararren sukari da ƙaron da suka saura. Ta bi da ruwan buta, ta koma aikinta da kwanciyar hankali.

Baƙi suka wuce Makka, suka bar wari a baya. Zafin Jidda kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Warin ya cika filin gida, ya haura katanga, ya zauna a lungu inda ƙamshi ya saba zama. Zakiya ta kunna kasko a ƙofa, ta ƙara wani a taga, abin ya haɗu ya ba da wani sabon wari wanda ba shi da suna a Hausa ko a Larabci.

Maƙwabciyarta Rabi'atu, mace mai jiki da murya, wadda ba a gama biki a Nuzla sai ta yi rawa, ita ta ɗauki labarin ta raba gida gida. Wata rana ta leƙo ta katanga, mayafi a hanci, ta kira Zakiya da sunan 'yarta kamar yadda ake yi a can.

"Ya Ummu Maimuna, wannan sabon haɗin ne? Na amare ne ko na gawa?"

"Bututun gwamnati ne ya fashe," in ji Zakiya.

"Wane bututu, habibti? Yaushe gwamnati ta san da lungunmu?"

Kafin a gama watan, iyayen amare biyu sun kai cinikinsu wurin wata mai turare a unguwar Karantina. Zakiya ta ga sana'ar uwarta tana shirin mutuwa a hannunta. Ta sa Hamad ya kira Ubale, mai motar yashe bayyara, wato ramin da ƙazantar gida ke taruwa. Ubale ya durƙusa a gefen karafan, ya nuna musu tanki a ƙarƙashinsa, ya ja wata 'yar ƙofa da ke bakinsa. Ko ɗigo bai fito ba. Ya zura sanda, sandar ta yi ƙara kamar ta taɓa dutse.

"Hajiya, me kuke ci a gidan nan? Siminti?"

"Toka ce kawai," in ji ta a hankali, "da ɗan ƙaro."

Ubale ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya dawo hayyacinsa ya ce maganin ba shi da wuya: a cika tankin da ruwan zafi da sabulu, a bar shi ya jiƙa, sa'an nan a ja karafan a kan hanya mai gargada har abin ya farfashe. Tunda babu tayoyi, sai a tara mazan lungu su girgiza shi.

"A tara mazan lungu?" in ji Zakiya. "Abu Maimuna, in ka kira mutum ɗaya, gidan ƙanwata za ka same ni."

Hamad ya gwada shi kaɗai, ya sa kafaɗa ya yi ta turawa, karafan ya ɗan yi lilo, bayan Hamad kuwa ya riƙe, aka kwantar da shi. Zakiya ta tsaya tana kallon lilon nan har ya tsaya. Ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta aika a gaya wa Ubale ya dawo ranar Alhamis da la'asar, ya bar motarsa nesa, ya shigo ta ƙofar baya da tiyo kawai.

Ranar Laraba ta kai wa Rabi'atu kwanon balila, dafaffen wake irin na Larabawa, ta zauna kamar babu komai tsakaninsu. Cikin hira ta ce Hamad ya ba ta labarin matar Baturen nan, wai takan yi rawa a karafan har kofuna su faɗo daga kabad.

"Na ce masa matan Nuzla ma za su iya, ya ce ina! Wai namu nauyi ne kawai, babu ƙugu."

Rabi'atu ta ajiye cokali. "Shi Hamad ne ya faɗi haka?"

"Da bakinsa. Har sunanki ya kira. Ki zo gobe da la'asar ki ƙaryata shi."

Hamad, wanda yake kwance a gida da man zafi a baya, bai san ya yi magana ba.

Da safiyar Alhamis Zakiya ta dafa ruwa tukunya bayan tukunya, ta yanka sabulu a ciki, ta ɗura wa tankin har ya cika. Ta toshe bakin makewayin da tsumma, ta kulle ƙofarsa, ta rataya labule a kai. Ta fito da turaren da take ɓoye wa 'ya'yan attajiran unguwar Bagdadiyya, ta turara ɗakin har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ta jera kofunan shayi a kabad, can ciki, inda ba za su faɗo da wuri ba.

Rabi'atu ta iso da ƙawayenta, kowacce ta isa mace, da ƙwarya da muciya na kiɗa. Ta shaƙi ɗakin ta ce, "Yau dai an yi ƙoƙari." Ta ɗaure zani a ƙugu. "Yalla, ina kofunan?"

Aka kafa kiɗa. Karafan ya karkata hagu, ya dawo dama. Ruwan da ke ƙarƙashinsu ya fara bugun tanki, amma kiɗa da guɗa sun rufe ƙararsa. Zakiya ta tsaya a bakin ƙofa tana tafi, tana zuga su.

"Kofunan ko motsi ba su yi ba, Khala Rabi'atu! Ashe gaskiyar Hamad ce!"

"Ƙarya yake, wallahi! Ku matsa mini!"

Ta yi tsalle ta dira, ƙawayenta suka bi ta, duka suka koma gefe guda suka sake dawowa. Kofi ɗaya ya gangaro ya fashe. A daidai lokacin nan wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙafafunsu, dogon gurnani mai kama da na raƙumin da aka ɗora wa kaya, sai kuma ƙarar ruwa mai gudu. Daga bayan karafan muryar namiji ta tashi cike da murna.

"Halas, Hajiya! Ya sauka! Allah ya saka wa masu rawa!"

Kiɗa ya tsaya. Rabi'atu ta ɗaga labulen taga, ta ga Ubale riƙe da tiyon da ya miƙe zuwa bayyara. Ta dubi labulen da ke rufe da ƙofar makewayi. Ta dubi Zakiya, gumi yana zuba mata.

"Masai kika sa na yashe?"

"Da ƙugu kuwa," in ji Zakiya. "Baturiya ba ta isa ba. Ki ba da labarin yadda kike so, ni ma zan ba da nawa a bikin da za a yi gidan Abdulwahid, inda duk Nuzla za ta taru, da sunan kowacce."

Matan suka dubi juna. Wata ta fara dariya, ta toshe baki da gyale. Rabi'atu ta zauna a bakin gado tana haki.

"Humra," in ji ta daga bisani. "Babbar kwalba. Irin ta Bagdadiyya, ba ta talakawa ba."

Zakiya ta ɗauko ta ba ta. Iskar teku ta share lungu a 'yan kwanaki. Rabi'atu ta shiga bikin gidan Abdulwahid tana ƙamshin da ya sa mata suka riƙa juyowa, kuma duk wadda ta tambaye ta labarin warin nan na kwanakin baya, sai ta ɗaure fuska ta ce bututun gwamnati ne ya fashe, da idonta ta gani. Washegari uwar wata amarya ta yi sallama a ƙofar Zakiya, da kwalaben da za a cika mata a cikin kwando.