Hannun da Na Riƙa Ɗaurewa

Shekarun baya, ina sabon zuwa Doha, kamfanin da ya kawo ni tuƙi ya haɗa ni da wani Bature da aka ɗauko ya koyar da wasan hoki na kan ƙanƙara. Ni kuwa ɗan Gusau ne, ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo. Sai ga ni a wani katafaren kanti, waje rana na neman narkar da kwalta, ciki kuma an daskarar da fili guda, manya da gemunsu suna sulɓi a kan takalma masu wuƙa a ƙasa, suna bin wata 'yar baƙar roba da sanduna. Ranar farko haƙorana kaɗawa suke, ina ta murmushin dole don kada a gane baƙauye ne.

Maigidan nawa ƙato ne, hancinsa ya taɓa karyewa ya ɗoru a karkace, haƙoran gabansa na cirewa ne. Kullum in ɗauko shi daga unguwar West Bay, in kai shi fili, in jira, in mayar da shi. Ba shi da yawan magana sai cunkoso ya riƙe mu. A nan ya ba ni labarinsa guntu-guntu, wani guntun ma ya maimaita, don ba ya tuna ya riga ya faɗa.

A ƙasarsu wasan ne sana'arsa, amma ba don ya ci wa ƙungiya wasa aka ɗauke shi ba. Aikinsa faɗa. Idan wani ya taɓa gwanin ƙungiyarsu, shi ake turawa. Faɗan kuma da ƙa'idarsa: ka tsaya gaban mutum, ka yar da safar hannunka ƙasa, shi ma ya yar da tasa, sannan ku dambace har ɗaya ya faɗi. Alƙalin wasa ya kai ku wani ɗan keji a gefe ku huce, jama'a na tafi. Ya ce zaman da ya yi a kejin nan, da za a tara shi, ya isa mutum ya koyi kafinta. Daga baya zamani ya juya, abin da ake masa tafi a kai ya zama laifi. Yau a dakatar da shi, ya dawo, gobe a sake dakatarwa, har kowace ƙungiya ta rufe masa ƙofa. Doha ce kaɗai ta rage masa, ita ma da sharaɗi: ranar da ya ɗaga wa wani hannu, a ranar zamansa ya ƙare.

Labarin bai zo mini baƙo ba. Kawuna mahauci ne kuma ɗan dambe. Na tashi ina ganin ana naɗe masa hannu da kara, makaɗa na zuga shi da kalangu. Na kuma ga inda abin ya kai shi: zaune a ƙofar gida, yana tambayar matarsa ko ita wace ce. Da na ba maigidan wannan labari, sai ya ce, "To ashe ka iya ɗaure hannu."

Ban da koyarwa, yana buga wasan ƙarshen mako da ma'aikata baƙi, injiniyoyi da malaman makaranta masu neman motsa jini. Sai ya ɓullo da dabara. Kafin ya shiga, in naɗe masa bakin safar da salatif mai kauri har kan wuyan hannu, yadda ko ya so yarwa ba za ta fita ba. "Hannun nan yana riga kaina," in ji shi. "Idan safar ta ƙi fita, zan sami lokacin da zan tuna inda nake." Nakan tsokane shi in ce, "Oga, a garinmu don a yi duka ake ɗaure hannu, kai ka zo da sabon salo." Ya yi dariya ya ce, "Yalla, maza ƙara matsewa." Mun daɗe a haka, ko kejin bai leƙa ba.

'Yan kallo ne matsalar. Wasu 'yan ƙasarsu sun san shi, sun ga tsofaffin faɗace-faɗacensa a waya. Duk wasa sai su jeru a bayan gilashin da ya kewaye filin, suna bugawa, suna kiran tsohon laƙabinsa. Ba su da kalangu, amma ni na san zuga idan na ji ta. A ganinsu karrama shi suke yi.

Wata Asabar da la'asar, wani matashi sabon zuwa daga ɗaya ƙungiyar ya bangaje wani dattijon abokin wasan maigidan ta baya har ya kife. Wataƙila ma tsayawa ce ta gagare shi. Nan take aka fara bugun gilashi. Na ga maigidan ya juya ya nufi matashin, yana yarfa hannuwansa ƙasa. Safar ta ƙi fita, kamar yadda muka tsara. Amma bai tuna komai ba. Shi kuma matashin bai ga safa a ƙasa ba, don haka bai san faɗa ya zo masa ba, ya sunkuya ne ma zai tayar da dattijon. Naushin ya same shi a muƙamuƙi, hular kwanonsa ta fice, ƙeyarsa ta bugi ƙanƙara. Ƙarar nan har yau tana kunnena. Masu bugun gilashi suka sauke hannuwansu.

Motar asibiti ta ɗauki matashin. Kafin 'yan sanda su iso, na bi maigidan ɗakin canja kaya da almakashi, don babu wanda ya yarda ya matso kusa da shi. Na same shi zaune, hannuwa a kan gwiwa. Ya ɗago ya dube ni da irin kallon kawu, ya ce, "An tashi wasan ne?"

Na ce, "An tashi, Oga."

Ya dubi safar da ke ɗaure tam, ya yi ajiyar zuciya. "Ka gani? Ba ta fita ba. Yau ma mun tsira."

Na kasa gaya masa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka salatif, hawaye na ɗiga a kan safar. 'Yan sanda ne suka gaya masa.

Maigidan ya yi zaman tsare, kafil, wato mai ɗauke da nauyin zamansa a ƙasar, ya ce khalas, magana ta ƙare, aka mayar da shi ƙasarsu ba tare da mun yi sallama ba. Matashin ya rayu, amma na ji an kai shi gida, maganarsa ba ta dawo daidai ba. Ni kuma aka mayar da ni jigilar ma'aikata daga unguwar Ain Khaled.

Har yau abin yana ci mini rai. Ban ce ba shi da laifi ba, don akwai uwar da aka mayar wa ɗa ba yadda ta aiko shi ba. Amma masu bugun gilashin nan washegari Lahadi, da yake ranar aiki ce a can, kowa ya saka kwat ya tafi ofis, kamar yadda makaɗan kawu suka koma wa wani sabon gwani, ko gaisuwa ba su taɓa zuwa ba. Bara da na je gida ana biki a layinmu, kalangu ya tashi. Kawu, wanda ya daɗe da manta sunana, ya miƙe zaune, ya miƙo mini hannun damansa in ɗaure masa. Na riƙe hannun da nawa biyu har kiɗan ya wuce.