Ranar da Modibbo Ya Ci Girkin Rana

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwaje, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da muka dafa shinkafa ba wuta, muka kuma rasa mai ci. Ku da kuka kama aiki yanzu, sunan Farfesa Iliyasu kuke gani a bayan littafi, da hotonsa da furfura. Ni na san shi yana Malam Iliyasu, siririn malamin fiziks mai keke, a wata makarantar kwana da ke tsakanin Yola da Jimeta. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, komai ƙanƙantar magana sai an kai ta Maiduguri.

Ni atanda ne a lokacin. Ga wanda bai san aikin ba, atanda shi ne na ƙarshe a ɗakin gwaji: shi ke share ɗaki, ya wanke kwalabe, ya jera wa malami kayan darasi, in wani abu ya fashe kuma shi ake fara kallo. Sama da ni malami, sama da malami shugaban makaranta, sama da shi kuma sufeto daga ma'aikatar ilimi. Ba don boko aka ɗauke ni ba, don hannuna ne. Mahaifina maƙerin gwangwani ne a unguwar Gwadabawa ta Jimeta, tun ina ƙarami nake yankan kwano ina liƙi da dalma.

Malam Iliyasu Bafulatanin cikin Yola ne, mutum mai kunya, sai ka kasa kunne kafin ka ji maganarsa. Amma fa akwai tambaya a kansa. Wata rana muna tsaye bakin ƙofa, jakuna suka wuce da itace daga wajen Namtari, ya bi su da kallo, ya ce mini wannan zafin na Yola da yake dafa mu kullum, me zai hana ya dafa shinkafa? Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Ashe aiki ne ya same ni.

Abin da muka ƙera akwati ne na katako, cikinsa kwano da muka shafa wa baƙin fenti. Tsakanin katakon da kwanon muka ɗura ɓuntun shinkafa. A sama gilashi biyu, ɗaya bisa ɗaya, sai murfi mai madubi da ake karkatawa ya tura hasken rana ciki. Ni dai na ishe shi da tambaya. Don me baƙi? Don me gilashi biyu, ɗaya bai isa ba? Bai taɓa gajiya da ni ba. Ya ce in tuna motar da aka rufe tagoginta aka bari a rana: haske ya shiga, zafi ya rasa hanyar fita. Tun daga nan na kasa wuce mota a rana ban taɓa gilashinta ba, har wani direba ya taɓa zagina.

Mun sha wahala kafin abin ya yi. Gilashi ya tsage mana, fenti ya sa wa ruwa wari, akwai shinkafar da ko kajin mai gadi sai da suka yi shawara kafin su ci. A hankali dai muka gyara, har ya kai ana ɗora dafa-duka da hantsi a sauke kafin azahar. Malam ya rubuta bayanin aikin ya aika wa wata mujallar kimiyya a ƙasar waje, ya kuma nemi hutun ƙaro ilimi don ya je ya zurfafa binciken.

To, ga yadda ƙa'idar take. Malami ba ya samun wannan hutu sai sufeton kimiyya ya zo ya ga aikinsa da ido, ya rubuta cewa yana da amfani ga jama'a. Akwai kuma iyakar shekaru, Malam yana dab da ita. In wannan karon ya wuce shi, shi ke nan, alli zai riƙe har ya yi ritaya, akwatinmu kuma ya tafi sito ya zama gidan ɓera. Wani abin kuma, magana ta riga ta bazu a gari cewa abincin da wuta ba ta taɓa ba yana juya kan mutum. Maganar ta kai kunnen sufeto, sai ya aiko cewa yana so ya ga ko mutanen gari sun karɓi abin.

A nan muka yi kuskuren, mu duka, har da shugaban makaranta. Muka ce ai in ana neman shaidar mutanen gari, dattawan cikin Yola za a kira, waɗanda in sun ce abu ya yi, ya yi. Aka gayyato su, cikinsu har da Modibbo Hamma, babban malami, wanda kuma shi ne surukin Malam, uban matarsa. Mun auna inda rana za ta tsaya, mun auna ruwa, mun auna zafi, na goge madubi har ina ganin haƙorana. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wa zai ci abincin.

Sufeton wani Ba'indiye ne, gajere mai tabarau, ba ya wasa da aiki. Aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, ɗalibai suka yi layi daga nesa. A gaban kowa na zuba shinkafa da nama da mai da albasa a tukunya, na sa cikin akwati, na rufe. Dattawan nan ba su zauna ba. Wani ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin akwatin ko mun ɓoye garwashi. Modibbo kuwa zagaya shi ya yi ta yi da sandarsa. Da yake ba ya yi wa surukinsa magana kai tsaye, ko sunansa ba ya kamawa, ni ya riƙa tambaya, ni kuma in juya in tambayi Malam da ke tsaye nan kusa kansa a ƙasa. Ya ce in hadari ya taso fa? Malam ya ce ranar sai a koma murhu. Ya ce zafin yana kwana a ciki? Malam ya ce a'a, amma abin da yake so ya je ya koyo ke nan. Modibbo ya ɗora tafin hannunsa bisa gilashi, ya janye da sauri, ya dubi hannun, ya yi murmushi.

Wajen azahar da aka buɗe, tururi ya tashi, ƙamshi ya cika wurin, dattawa suka yi ta salati. Ni kam na ce a raina an gama, Malam ya tafi. Na zuba a faranti na ajiye gaban kowa, na kawo ruwan wanke hannu.

Ba wanda ya motsa. Na matsa wa na farko faranti, ya ce "useko", wato an gode, ya ce ya ƙoshi. Na biyu ma haka. Sai a sannan abin ya faɗo mini. Dattijon Fulani ya zauna a fili, gaban yara 'yan makaranta, gaban baƙo, ya buɗe baki yana tauna? Ai ko zai kwana da yunwa ba zai yi ba. Ni da na tashi cikinsu na sani, Malam da aka haifa cikin abin ya fi ni sani, amma akwati ya cinye mana hankali. Wallahi da 'yan dakon bakin kogi muka kira daga Jimeta, da tuni sun suɗe tukunyar sun tambayi ko akwai ƙari.

Sufeto ya dubi farantan, ya dubi Malam. Na ce bari in ceci lamarin, na ja faranti na kai loma. Ya ce tawa ba shaida ba ce, ni ma'aikacin Malam ne, ko tsakuwa aka dafa zan ce ta yi daɗi. Shugaban makaranta ya ce a kira ɗalibai, sufeto ya ce ɗan makarantar kwana ai ba abin da ba ya ci. Muka ce to shi ya ɗanɗana da kansa, ashe shi kuma ba ya cin nama, ko abin da nama ya taɓa. Ka ji fa! Ga abinci ya nuna lugub, ga mutane cike da wuri, kowa da dalilinsa na rufe baki. Na matsa na raɗa wa sufeto da guntun Turancina cewa kunya ce, al'ada ce. Ya ce duk inda ya je ana ba shi dalili, shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa, abin da ya gani kuma shi ne mutanen gari sun ƙi ci.

Sai ya juya ga Malam ya ce, "To, kai da ka ƙera, ci mu gani."

Malam ya dubi farantin, ya saci kallon inda surukinsa yake zaune. Na ga gumi yana bin wuyansa. Ya ci abinci gaban uban matarsa? Ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji haushinsa. Mutum ya yi wannan wahala duka, loma ɗaya ta gagare shi! Sufeto ya cire tabarau ya fara gogewa, alamar ya gama.

Modibbo ba ya jin Turanci, amma yana da ido. Ya yafito ni ya ce, "Sabo, me baƙon nan yake nema?"

Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba: in ba wanda ya ci, tafiyar karatu ta fasa, kuma ba za ta sake zuwa ba. Ina faɗa ina jin nauyin bakina, don kowa ya san Modibbo ba ya son tafiyar nan. In Malam ya tafi, da matarsa zai tafi, ita ce kuma 'yar da tsohon ya fi ji da ita. Ba abin da ake bukata daga gare shi don ya riƙe 'yarsa a gida sai ya ci gaba da zama yadda yake zaune, ba kuma wanda zai ga laifinsa.

Ya dubi akwatin. Can ya ce in miƙo masa buta. Ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya ja farantin gabansa, ya yi bisimilla. Mutumin da almajiransa na shekara da shekaru ba su taɓa ganin ya sha ko ruwa ba, ya kai loma a gaban yara da manya. Sauran dattawan suka kau da kai, wasu ɗalibai suka rufe fuska. Malam kuwa juyawa ya yi gaba ɗaya ya fuskanci bangon ɗakin gwaji, ya tsaya kamar wanda aka ba horo.

Tsohon bai yi sauri ba. Ya tauna a natse, ya ƙara, ya ɗauki tsokar nama ya duba ta ya ci. Da ya gama ya ce mini, "Ka faɗa wa baƙon ya nuna har ciki, kuma ba ƙaurin hayaƙi. Ka faɗa masa kaina yana nan daidai." Ganin haka, dattijon da ke gefensa ya ga ba zai bar Modibbo shi kaɗai cikin wannan hali ba, ya ja nasa farantin. Sai na gaba ma. Suka ci, kowa idonsa a ƙasa, kamar masu shan magani.

Sufeto ya mayar da tabarau ya yi rubutunsa. Ban tabbata ya fahimci abin da ya faru a gabansa ba, amma da zai tafi ya je ya rusuna wa Modibbo. Da taro ya watse, na sami Malam a ɗakin gwaji zaune bisa kujerar ɗalibai. Ya ce, "Sabo, da gaske Bappa ya ci?" Haka yake kiran Modibbo, don ba ya kama sunan surukinsa. Na ce ya ci har ya ƙara. Ya rufe fuska da hannu biyu, na fita na ja masa ƙofa.

Takardar hutu ta zo, suka tafi da matarsa. Sauran labarin kun san shi: digiri bisa digiri, koyarwa a jami'a, rubuce-rubuce a mujallu, na'urar busar da kifi da tattasai, da tukunyar da take riƙe zafi har bayan faɗuwar rana. Abin da ba ku sani ba shi ne Modibbo bai ga dawowarsu ba, Allah Ya yi masa rasuwa suna can. Har ya bar duniya, shi da surukinsa ba su taɓa tayar da maganar ranar ba.

Abin da na koya a aikin nan, ba a gama na'ura a kan teburin gwaji. Ka gama aune-aunenka tsaf, sai ka kai ta gaban mutane, su kuma suna da nasu dokokin da ba ka sa a lissafi ba. Don haka in kun ƙera abu, ku tambayi kanku wa zai taɓa shi, a gaban wa, kuma me zai ba da kafin ya taɓa. In kun buɗe littafin Farfesa na farko za ku ga ya gode wa malamansa, ya gode wa sufeto, har ni atanda ya sa sunana. Sunan Modibbo ba ya ciki. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce, "Sabo, ta yaya zan kama sunansa?"