Igiyar Awon Kayan Kareti

Ranar wata Juma'a, a kakar shekarar da na shiga ƙaramar sakandare a Rogo, muna tsakar gida muna tsinkar gyaɗa sai na ji ƙarar babur ɗin Kawu Sale, ƙanen Ummanmu da ke zaune a Karaye. Na watsar da harawar da ke hannuna na ruga zaure, don na san abin da ke ɗaure a bayan babur ɗin: kayan kareti da ya yi alkawarin sayo mini daga Kano. Fari fat, sai ƙamshin sabon yadi. Na zura wandon, ƙafafunsa suka wuce yatsuna suka kwanta a ƙasa. Na sa rigar, hannuwana suka ɓace a ciki. Ƙannena suka kwashe da dariya, wai na zama mutum-mutumin korar tsuntsaye a gona. Ni kuwa don baƙin ciki ko godiya ban yi ba.

A lokacin wani ɗan bautar ƙasa ne, Malam Bayo, yake koya mana kareti da yamma a gindin darbejiyar makaranta, mu da gajerun wandunanmu. Ba yabon kai ba, na fi kowa naci. Buhu na cika da ɓawon gyaɗa na rataye a reshen mangwaron gidanmu, da na sauke tulun ruwa ko na ɗaure awaki sai in hau shi da shuri, har Umma ta ce na hana kajinta sakat. Da hidimarsa ta kusa ƙarewa, Malam ya ce zai gwada mu sau ɗaya tak kafin ya tafi, wanda ya ci ya ɗaura masa ɗamara ruwan ɗorawa, amma sai da kayan wasa. Ban taɓa son wani abu kamar ɗamarar nan ba. Da ya ji Kawu zai saya mini kaya, shi da kansa ya tsayar da ni, ya auna ni da igiyar rama, ya yanke ta daidai tsawona. "Su zo maka daidai," in ji shi da gurguwar Hausarsa, yana nuna idon sawu da wuyan hannu. Na kai wa Umma igiyar don ta aika Karaye.

A zauren nan na ji tarihin igiyata, kowa yana faɗin nasa da alfahari. Umma ta ce, "Ni na sauya ta da wata, na ƙara taƙi guda. Ai girma zai yi." Kawu ya yi dariya ya ce da igiyar ta isa Karaye, Kakarmu ta ɗaga ta sama ta ce wannan ai awon jariri ne, ta ƙulla mata guntun tsumma. "Ni ma a shago cewa na yi a ba ni na gaba da shi, Yaya, kada a yi asara." Har abin kare ƙwauri da ya haɗo mini na ƙarti ne, ina ɗaurawa yana zamewa zuwa idon sawu. Mutum uku masu ƙaunata, kowa ya ƙara kaɗan, ba wanda ya tambaye ni.

Ba irin magiyar da ban yi ba a kai wa tela ya rage. Baba ya dube ni kamar na ce a yanka saniyar gida. "Sabon kaya, na kyauta, a sa masa almakashi? To baɗi me za ka sa?" Na yi fushi, na ƙi cin tuwo, ba wanda ya kula. Daga ƙarshe Umma ta naɗe ƙafafun wandon ta ɗan kama da allura sama-sama, yadda baɗi za a kwance ba wahala.

Ɗinkin bai jira baɗi ba. Ranar gwaji, gaban 'yan makaranta da suka yi mana da'ira, na yi shurin farko lafiya. A na biyu zaren ya tsinke, ƙafar wandon ta warware, na taka ta, sai ji na yi na zube tim. Na tashi na tattare, na sake faɗuwa. Abokina Habu, wanda ko ƙafa ba ya iya ɗagawa sosai, telan unguwa ya ɗinka masa nasa da farin yadi mai arha, shi ya tafi gida da ɗamara. Malam Bayo ya dafa kafaɗata ya ce ya san na iya, amma abin da ya gani ranar zai ba maki. Bayan kwanaki kaɗan ya hau mota, ba a sake turo mana mai koyar da kareti ba.

Umma ta wanke kayan ta adana a akwatinta. Ina dab da gama sakandare ta fito da su ta ce in gwada. Suka zauna mini ɗas. "Ba na faɗa muku ba?" in ji ta, fuskarta cike da murna.

Bana 'yata ta fara koyon kareti a Kano. Ban aika igiya ba, ita na ɗauka sukutum zuwa shago, ta gwada, ta yi tsalle, ta yi shuri. Muna cikin haka Umma ta bugo waya ta ce a ɗan ƙara, ai girma za ta yi. Na ce, "To, Umma," na sayi wanda ya zo mata daidai. Nawa suna nan a akwatin Umma, fari fat har yau. Kayan sun jira ni na girma, Malam Bayo ne bai jira ba.