Tukunyar Bayan Rumbu

Ruwan daminar bana ya shigo mana ɗakin da muke zaune a Gummi, ya jiƙa buhun dawa guda. Kwana uku ba wanda ya lura. Da matar ɗana ta kwance bakin buhun, dawa ta riga ta yi tsiro. Ta shanya ta a tsakar gida tana mita. Ni kuwa da ƙamshin ya iske ni, mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami a ƙarƙashi, sai tasbaha ta tsaya a hannuna. Ku matso ku ji, jikokina, don abin ya daɗe a cikina.

Mu mutanen wani ƙauye ne gaba da Adabka. Kakata, wadda ta haifi Baba, daga tudu anka auro ta, can cikin duwatsu, inda mutane ba su salla a wancan zamani. Sana'arta dafa burkutu, giyar dawa, wajen uwarta ta gada. Ina ƙarama na ga ƙarshen abin. Ta jiƙa jar dawa, ta baza, ta rufe da ganye har ta tsira. Ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace, ta sake dafawa, sannan ta juye a tukunya ta bar ta ta kwana. Da safe sai ka ji tukunya na magana ƙasa-ƙasa, kumfa na tashi. Ran kasuwa maza su zauna kan kututture a rumfarta bayan gari, ƙoƙo na zagayawa. Ba ta miƙa wa kowa sai ta fara kurɓa a gabanshi. Haka masu dafawa ke yi, don a san ba a sa komi ciki ba.

Baba ya tafi karatu wajen malamai, ya dawo bayan rasuwar ubanshi. Bai yi wa Kaka tsawa ba. Kullum sai ya durƙusa bakin ɗakinta yana lallashi, har ta yarda. Ta karɓi kalmar shahada gaban liman, ta fasa tukwanenta da taɓarya da hannunta. Guda ta bari, baƙa mai faɗin baki, ta uwarta. Wannan ta kife bayan rumbu. Ta ce mini, "Wagga ta sha giya tun ba a haifi ubanki ba. Abin ya shiga jikin yumɓunta. Ko wanki nawa anka yi mata, kika zuba abu mai tsiro, sai ta tashe shi. Kada ki kusance ta."

Ni ke koya mata Fatiha. Harshenta na karyewa, ina dariya, tana dungure mini kai. Mutanen gari dai ba su gama yarda ba, in ta wuce sai a ce tubar tsufa ce. Abin da take so a duniya bai wuce a shaida mata ba, ran da ta cika a yi mata salla kamar kowa. Tsiro kuwa ba ta rabu da shi ba, sai ta mai da shi kunun zaƙi, kuma ba mai kunu irin nata a ƙauyen.

Wata damina Baba ya kira gayya, maza su taru su nome mishi gona rana guda, shi ya ciyar da su. Kaka ta dama kunu tun ana gobe. Randuna sunka cika, kunu ya yi saura. Inna, uwata, tana fama da murhu, ta ce in tafi gidan gwaggo in aro tukunya in juye sauran. Gidan gwaggo na can ƙarshen gari, ga hadari ya haɗo. Ƙyuya ta kama ni. Na zagaya bayan rumbu, na mirgino baƙar tukunya, na wanke ta da toka har sau uku. Na ce a raina, wace giya za ta tsira daga toka? Na juye kunu, na rufe da faifai, na tura ta lungun ɗakin girki.

Washegari ruwa ya wuni yana zuba, anka ɗaga gayya zuwa gobe. Sanyin ya saukar wa Kaka da zazzaɓi, ta kwanta. Da tana tsaye, ba abin da zai fita gidan ba ta kurɓa ba.

Ran gayya da safe na ɗaga faifai, na ji tukunya na magana. Na san wannan magana. Na sa ludayi na kwashe kumfa, na watsar bayan ɗaki, na mai da faifai na rufe. Mata sunka juye a ƙore, munka ɗauka zuwa gona.

Rana ta yi tsaka, maza sun ji ƙishi, sunka sha ba tambaya. Sai wani tsoho daga cikin masu zaman rumfa a da ya lashe baki, ya duba ƙoƙo, ya yi dariya ya ce, "Ashe tsohuwa ba ta manta da mu ba. Rabona da wanga tun ina da haƙora." Wasu sunka yi dariya. Ƙanen liman bai yi ba. Ya tofar, ya kurkure baki, ya saɓa hauya ya kama hanya. Ɗaya bayan ɗaya anka bi shi, gona ta tsaya rabi.

Baba ya shigo gida, ya ga tukunya a lungu. Ya ce, "Wa ya taɓa wagga?" Na laɓe bayan Inna. Kaka ta fito tana dafa bango. Ta dubi tukunya, ta ga sawun toka a gefenta, ta dube ni sau guda. Ta ce, "Ni na zuba."

"Tsohuwa, bayan alkawarin da kunka yi gaban liman?"

"Na ce ni na zuba. Mi kake nema kuma?"

Bakina yana nan, harshena yana nan. Tsoron tsumagiya kawai ya hana ni, dukan da zafinshi ba ya kai kwana biyu.

Baba ya fasa tukunya. Bai kori Kaka ba, amma mata sunka daina cin abin hannunta, in ta shiga gidan suna sai a janye ƙwarya. Bayan girbi, anka kai amfani gida, Kaka ta ɗaure ƙunshinta ta ce za ta gano danginta. Na raka ta har bakin rafi. Na buɗe baki, ta rufe mini da tafin hannu. Ta ce, "Karanta mini Fatiha sau guda, kada ta zube mini a hanya."

Damina biyu bayan nan labari ya zo ta cika, har an rufe ta yadda mutanen tudu ke rufe nasu. Baba ya je wajen liman ya roƙi a yi mata addu'a. Liman ya sunkuyar da kai ya ce ba a san a kan mi ta tafi ba. Baba ya rayu har ya ga jikokina, ina jinyarshi da hannuna, ban faɗa mishi ba.

Yau ba mai dafa burkutu a ƙasarmu, doka ta hana, ban kuma yi kewarta ba. Samari dai na ga suna tangaɗi, an ce ƙwaya ce da ruwan kwalba, abin da ba wanda ke kurɓa a gabanka kafin ya miƙa maka. Ƙauyenmu ɓarayin daji sun tashe shi, tudun su Kaka an ce ba kowa sai ciyawa, ko hanyar ba ta biyuwa, balle in nemi kabarinta. Liman ya tafi, Baba ya tafi, duk waɗanda anka yi gayya da su sun tafi. Ku kaɗai kunka rage mini, ku da ba ku san fuskarta ba. To ku riƙe, in an tambaye ku. Kakata ba ta sake dafa giya ba bayan ta tuba. Na shaida, ko da na makara.